Daga Rimot Zuwa Babbar Kyamara: Yadda Ake Koyon Tuƙa Diron na FPV a Kebbi

Duk mai ɗaukar bidiyon biki a Birnin Kebbi, Jega ko Argungu da ya taɓa riƙe DJI Mavic ko Mini ya san sauƙinsa. Ka saki sanduna, jirgin ya tsaya cak a sama, iska na bugunsa amma bai gusa ba. GPS ne da na'urorin cikinsa ke wannan aiki, kai dai hanya kake nuna masa. Diron na FPV da ake tuƙawa da hannu zalla ba ya yi wa kowa wannan alfarma. Gilashi za ka ɗaura a fuska, kana ganin abin da 'yar kyamarar da ke hancinsa take gani, kuma daga tashinsa har saukarsa yatsunka ne kaɗai ke riƙe da shi. Shi ya sa yake yin abin da Mavic ba ya iyawa: ya bi doki a guje ƙasa-ƙasa, ya ratsa tsakanin giginya biyu, ya sulalo daga sama ya bi bayan jirgin ruwa a Yauri.

Babban cikinsu, wanda masu fim ke kira sinelifta, shi ne ke ɗaukar kyamarar fim ta gaske irin su RED Komodo, Sony FX3 ko Blackmagic Pocket. Komodo kaɗai ta kusa kilo 1 kafin a sa mata gilashi da batir, kuma da ta fito a 2020 kuɗinta wajen dala 6,000 ne. Idan aka haɗa jirgi, batir da kyamara, nauyin kan kai kilo 4 ko fiye, da farfela takwas masu kaifi suna juyawa. Don haka shawarata tun farko ita ce: babbar kyamara ita ce abu na ƙarshe da zai hau jirginka. Duk matakan da ke ƙasa sai ka bi su kafin ka kai gare ta.

Fahimci abin da sanduna ke yi

A tsarin da mafi yawan matuƙa ke amfani da shi, wato Mode 2, sandar hagu ce totur: sama ƙarin ƙarfi, ƙasa ragi. Idan ka karkata ta hagu ko dama, hancin jirgi ne ke juyawa. Sandar dama kuwa, gaba da baya tana sunkuyar da hanci ko ɗaga shi, gefe da gefe tana kwantar da jirgin a kan haƙarƙarinsa.

Ga inda tuƙin hannu, wanda ake kira akuro, ya bambanta. Sandar dama saurin juyawa take aunawa. Muddin kana tura ta gaba, jirgin zai ci gaba da sunkuyawa har ya wuntsila. Da ka sake ta, zai tsaya a sunkuye daidai inda ka bar shi, ba zai miƙe da kansa ba, sai ka ja baya ka miƙar da shi. Totur ɗin ma ba shi da abin da ke mayar da shi tsakiya. Birki babu. In kana son tsayawa, sai ka ɗaga hanci ka ƙara totur, iskar farfela ta tura ka baya, sannan ka miƙe kafin ka fara ja da baya. Wanda ya saba da Mavic ya fi shan wahala a nan, domin hannunsa ya saba da sakin sanda idan ya rikice.

Mataki na farko: rimot da kwamfuta kawai

Sayi rimot na gaske, kada ka koya da na wasan gem. RadioMaster Pocket ko Boxer sun isa, ka tabbatar mai ExpressLRS ne, wato tsarin sadarwa tsakanin rimot da jirgi, domin shi ne za ka ci gaba da amfani da shi har kan babban jirgi. Ka jona shi da kwamfuta ta wayar USB, ka sauke manhajar kwaikwayon tuƙi irin su Liftoff, VelociDrone ko Uncrashed. Wasunsu ba sa buƙatar kwamfuta mai ƙarfi sosai idan ka rage kyawun hoto, kuma gara hoton ya yi muni da ya riƙa tsinkewa.

Sa shi a akuro tun ranar farko. Kada ka fara da tsarin da jirgi ke miƙe kansa, zai koya wa hannunka ɗabi'ar da sai ka sha wuya kafin ka rabu da ita. Karkatar 'yar kyamara ka bar ta digiri 10 zuwa 15. Yawan karkatarta shi ne yawan gudu, domin sai ka sunkuyar da jirgi sosai kafin ka ga gabanka daidai.

Abu na farko shi ne tafiya gaba a hankali a tsayi ɗaya. Za ka ga kana hawa kana sauka, saboda hannu yana wa totur babban motsi. Gyaran shi ne ƙananan motsi, kuma ka yi su da wuri, kafin jirgi ya fara nutsewa. Bayan haka sai shan kwana, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Kwana mai kyau ba da sanda ɗaya ake yin ta ba: ka kwantar da jirgi zuwa inda za ka, ka juya hanci daidai gwargwado, ka ɗan ja baya, ka ƙara totur kaɗan domin jirgin da ya kwanta yana rasa tsayi. Idan ka juya hanci kaɗai, za ka riƙa zamewa gefe kana kallon wani wuri daban. Yi ta kewaya bishiya biyu, hagu da dama. Kowa yana da gefen da ya fi masa sauƙi. Ɗaya gefen shi ne ke buƙatar ninkin lokaci.

Sai kewaya abu ɗaya kana kallonsa bai fita daga tsakiyar hoto ba, sai tsayawa cak a gaban bango, sai sauka a wurin da ka zaɓa. Wuntsile-wuntsile da ake gani a YouTube da TikTok suna da ban sha'awa, amma mai ɗaukar fim santsi ake biyansa. Minti 30 kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. Ni a ganina kada ka sayi jirgi sai ka haura awa 20 a kwamfuta, kuma kana iya yin minti biyar kana zagaye ba ka taɓa ƙasa ba. Wajen riƙe sanda, wasu babban yatsa kaɗai suke sawa, wasu su matse ta da babban yatsa da manuni. Na biyun ya fi ba da laushin motsi, amma duk wanda ka ɗauka ka tsaya a kansa.

Ƙaramin jirgi, sannan mai inci 5

Jirginka na farko ya zama ɗan ƙarami mai zobe a kewayen farfela, irin mai faɗin jiki milimita 65 ko 75. Nauyinsa bai kai giram 50 ba, ko ya bugi mutum ba wani rauni. Da shi za ka saba da gilashin fuska. Zauna a kujera ko a kan tabarma lokacin da kake tuƙi, domin jiri kan ɗebi mutum a farko.

Daga nan sai mai farfela inci 5 da batir 6S, wato mai ɗakunan wuta shida a haɗe, wanda da 'yar kyamarar GoPro a kansa yakan kai giram 700. Wannan shi ne makarantarka ta gaske, kuma yana iya tsaga yatsa har ƙashi. Ka nemi fili mai faɗi a bayan gari, kamar fadama bayan an yanke shinkafa, da izinin mai gona. Za ka faɗi, za ka karya farfela da hannun jirgi, waya za ta tsinke. Saboda haka koyi liƙa waya da dalma. Zauna wurin mai gyaran waya ko rediyo a kasuwa ka ga yadda yake riƙe ƙarfen, domin kayan gyara daga Legas, Abuja ko Sin ake yo odarsu, kuma ba za ka aika jirgi Legas don waya ɗaya ba.

Ƙwaƙwalwar jirgin da manhajar Betaflight take aiki. Duk lokacin da za ka jona batir a kan tebur, cire farfela tukuna, ko da gyaran na daƙiƙa goma ne. Ka ware makunni ɗaya a rimot na tayar da injina da kashe su, ka saba da shi har yatsanka ya riƙa samunsa ba tare da tunani ba. Sannan ka gwada abin da jirgi zai yi idan ya rabu da rimot: babu farfela, ka tayar da injina, ka kashe rimot, ka tabbatar sun mutu. Kada kuma ka kunna na'urar aiko hoto ba eriya a jikinta, ƙonewa take yi.

Kada ka fita kai kaɗai. Da gilashi a fuskarka ba ka ganin yaron da ya taho a guje, ko akuya, ko mai babur. Ɗauki wanda zai tsaya kusa da kai idonsa a kan jirgi, yana gaya maka abin da ke gefe da baya. Shirwa ma takan kawo wa ƙaramin jirgi farmaki. Idan ya ce maka ga ta nan, sauko kawai.

Batir, zafi da ƙura

Batiran LiPo da waɗannan jirage ke amfani da su ba sa son wasa, kuma yanayinmu ba ya raga musu. Kowane ɗaki na batir idan ya cika bolt 4.2 ne, wato 6S ya cika a 25.2. Ka sa lambar ta fito a gilashinka, ka sauka idan ɗaki ya kusa 3.5. Idan za ka ajiye shi fiye da kwana biyu, mayar da shi 3.8. Caji kuma a yi shi da caja mai daidaita ɗakuna, a hankali: batir mai 5,000mAh a ba shi amfiya 5. Yawancin waɗannan cajoji suna karɓar wuta kai tsaye daga batirin sola ko na mota, wanda ya fi jiran wutar NEPA ko dogaro da janareto mai hawa da sauka.

A Maris da Afrilu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40. Batirin da aka bari a but ɗin mota da tsakar rana zai kumbura, kuma wanda ya kumbura ko ya lotse ya tashi daga aiki. Kada ka yi caji a ɗakin kwana kusa da katifa. Ɗora shi a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, bokitin yashi a gefe, kana wurin har ya gama. Wanda ya sauko da zafi daga tashi, a bar shi a inuwa ya huce kafin a jona shi. Na'urar aiko hoto irin DJI O3 ita ma iskar tafiya ce ke sanyaya ta, don haka kada ka jona batir ka tsaya gaisawa. Iska mai zafi kuma ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, sai injina su ƙara wahala. Tashin safe da na bayan la'asar sun fi, ga shi hasken ma ya fi kyau a hoto.

Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Maganaɗisun cikin inji yana janyo ɓurɓushin ƙarfe daga yashi. Juya kowane inji da yatsa kafin tashi. Idan ka ji ƙaras-ƙaras, tsaya ka share da buroshi mai laushi. Tashi da sauka a yi su a kan katako ko guntun kafet.

Ranar da nauyi ya hau

Kafin sinelifta, yana da kyau ka ratsa ta mai inci 7, ka ji yadda babban jirgi ke jinkirin amsawa. Shi sinelifta yawanci hannu huɗu gare shi, kowanne da inji biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna juyawa saɓanin juna, da farfela inci 7 ko 8. Ana kiran tsarin X8. Farfelar ƙasa tana aiki ne cikin iskar da ta sama ta riga ta tura, don haka ƙarfin bai ninka biyu cif ba, amma idan inji ɗaya ya mutu sau da yawa ana samun damar sauka lafiya.

Kada ka ɗora kyamara. Auna ta a sikeli da gilashinta, batirinta da katinta, sannan ka samo ƙarfe ko katako mai daidai wannan nauyi, ka ɗaure shi tamau a mazauninta. Fara da rabin nauyin, ka ƙara daga baya. Bayan ka ɗaura batir, ɗaga jirgin da yatsu biyu daga tsakiyarsa. Idan ya rinjaya gaba, matsar da batir baya har ya daidaita. In ba haka ba injinan gaba za su yi ta aikin da ya fi na baya, su yi zafi, kuma a ranar da kake buƙatar ƙarfi su ce sun gaji. Da cikakken nauyi, ya kamata jirgin ya iya tsayuwa a sama totur bai kai rabi ba. Idan sai ka wuce rabi, kayan sun fi ƙarfinsa.

A sama za ka ji bambancin nan take. Wanda ya taɓa ganin kwale-kwale maƙare da buhunan shinkafa yana matsowa gaɓa ya san mai tuƙi tun daga nesa yake fara rage gudu da karkata, domin nauyin ba ya tsayawa don an ce ya tsaya. Haka wannan jirgi yake. Inda mai inci 5 zai juya nan take, shi sai ya zarce mita da yawa. Don haka idonka ya riƙa kasancewa a wurin da za ka kai nan da daƙiƙa uku. Rage saurin juyawa a Betaflight zuwa wajen digiri 300 ko 400 a daƙiƙa, ka tausasa tsakiyar sanda.

Wuri mafi haɗari shi ne saukowa. Idan ka rage totur ka sauko miƙe, jirgin yana faɗawa cikin rikitacciyar iskar da shi kansa ya tura, sai ya kama karkarwa, ka ƙara totur amma ya ci gaba da nutsewa. Koyaushe ka sauko kana tafiya gaba. Idan kuma ka sulalo daga sama, fara ba shi totur da wuri, ka bar tazara ninki biyu na wadda ka saba bari. A daidai wannan lokaci ne batir ke durƙushewa saboda jan wuta, shi ya sa ake yin hoto mai wuya a minti na farko da sabon batir. Da 6S mai 4,000 zuwa 6,000mAh, tashin minti uku zuwa biyar ne, ba ƙari.

Bayan tashin farko na daƙiƙa 30, sauka ka taɓa kowane inji. Ɗumi ba laifi. Idan ba ka iya barin yatsa a kai, saitin ƙwaƙwalwar bai dace ba, ko farfela ta lanƙwashe, ko wani noti ya kwance. Betaflight na da wurin ajiye bayanan tashi da ake kira Blackbox, wanda ke nuna inda girgiza take. Saitin mai inci 5 ba ya yi wa wannan. Fara da wanda masu ƙera jirgin suka bayar. Sa masa GPS domin ya iya juyowa idan hoto ya ɗauke, amma ka gwada shi a fili tukuna, kuma ka jira ya kama taurarin ɗan'adam aƙalla takwas kafin tashi. Ka ƙone batir da dama da wannan nauyin na ƙarya, har sauka ta zama ba ta tayar maka da hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kyamarar kanta

Gilashi mai faɗin gani kuma mara nauyi za ka sa, ka saita fokas da hannu, ka manne shi da salatif don kada girgiza ta motsa shi. Wutarmu mai 50Hz ce, don haka hoto 25 ko 50 a daƙiƙa ya fi dacewa. A 25, shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke shan haske a kowane hoto, ta zama 1/50 na daƙiƙa, kuma a ranar Kebbi hakan ba zai yiwu ba sai da baƙin gilashin ND mai rage haske a gaba. Karkatar babbar kyamara ta yi daidai da ta 'yar ƙaramar da kake gani da ita, in ba haka ba kana bin mahayi a gilashinka, ita kuwa kofaton doki take ɗauka. Santsin ƙarshe a kwamfuta ake yin sa da Gyroflow, manhaja ce kyauta da ke karanta bayanan motsi daga GoPro, Komodo da wasu Sony da Blackmagic. Tana gyara karkarwa, amma ba ta gyara mugun tuƙi.

Hukuma da jama'a

Tun Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Mai son yin sana'a da wannan ya bi ta nan, ya riƙe takardunsa a jaka. Kada ka haura ƙafa 400, wato wajen mita 120. Ka nisanci filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, barikin Dukku, gidan gwamnati, gidan yari, da bakin iyaka irin su Kamba. A Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara saboda tsaro, don haka duk wanda aka kira aiki Gusau ko Talata Mafara ya fara jin ta bakin jami'an tsaro kafin ya ɗauki jaka. Idan kuma ta jirgin sama za ka, batir a jakar hannu yake tafiya, kuma wanda ya wuce 100Wh sai da amincewar kamfani. 6S mai 5,000mAh 111Wh ne.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. A halin da ake ciki, mutumin ƙauye da ya ji ƙara a sama ya ga baƙo da abu rufe da fuska yana da dalilin tsorata. Je wurin hakimi ko mai unguwa tun kafin ranar, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu, ga filin da muke roƙo, ga lokacin da za mu gama." Ka sanar da 'yan sanda da 'yan sa-kai. Ba dattijo gilashin ya leƙa ya ga abin da kake gani. Kuma kada ka bi ta saman gidaje: tsakar gida wurin iyali ne, ba a yi katanga don ka leƙa ta sama ba.

Kowa burinsa bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016: dubban masunta da homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada. Ko Rigata a Yauri, ko hawan sallah. Amma kilo 4 da farfela takwas ba ya bi ta kan mutane, ko nawa aka biya ka. Nemi izinin masu shirya biki, ka je tun jajibiri ka taka wurin da ƙafa, ka ga wayoyin lantarki da rassan da ba sa fitowa a gilashi, ka zaɓi layin da idan komai ya mutu jirgin zai faɗa ruwa ko fili. Bi gefen taron, ka bar faɗin gilashi ya kwaso su. A kan ruwa ido ba ya gane tsayi sosai, don haka ƙara mita biyu a kan abin da kake zato. Dawakai na firgita da ƙarar, sai ka gwada da mahayi ɗaya daga nesa tukuna. Kowane layi ka fara bin sa da mai inci 5 da GoPro, ka nuna wa mai aikin, idan ya amince sannan ka ɗaura babbar kyamara da sabon batir.